Labaran Mai Gina da Addinin Dundumawa

Duk wanda ya sha ruwan rijiya tsakanin Maradun da Bakura kafin a gama madatsar Bakolori, da wuya bai sha gumin Labaran ba, ko ya sani ko bai sani ba. Mutumin Tungar Hamma ne, wani ƙaramin ƙauye na bakin gulbi wanda yau sai kifi ke kwana a ɗakunansa. Gajere ne mai faɗin ƙirji, tafin hannunsa kamar kirgi. Ginan rijiya gado ne a gidansu, ubansa ya yi, kakansa ya yi, a cikin rami ma kakan ya cika. Amma abin da aka fi sanin Labaran da shi baki ne, don in ya soma zance ko tuwo na gabanka sai ya huce.

A wannan sana'a kuwa baki ba ado ba ne. In rami ya yi zurfi akwai wani huci da ƙasa kan saki, ba shi da wari, ba a ganinsa. Mutum na tsaka da sara sai kansa ya yi nauyi, gwiwoyi su saki, ya ce bari ya ɗan zauna, shi ke nan. Ba ya ihu, ba ya jan igiya. Don haka ƙa'idar masu gina ita ce na ƙasa kada ya yi shiru. Ya yi waƙa, ya yi salati, ya zagi dutse, in dai na sama zai ji shi. Da zarar murya ta ɗauke, mai riƙon igiya ya kira jama'a a jawo mutum da igiyar da ke ɗaure a ƙirjinsa, tambaya sai daga baya.

Mai riƙe wa Labaran igiya shi ne Yari, taubashinsa, ɗan ƙanwar ubansa. Dogo ne, mai gaskiya, irin mutanen da in ka ce musu an ga akuya na karatu a kasuwar Jangebe za su tambaye ka wace sura. Tun suna samari suke tare. Waƙoƙin Labaran suka ƙare, labaran farautar kakanni suka ƙare, yini kuma ba ya ƙarewa a gindin rami. To, wata rana a Dosara, da ya rasa abin cewa, sai ya ɗaga kai ya ce dagi ya fasa wata ƙofa, ga mutane can ciki suna kallonsa.

Yari ya leƙo ya ce, "Waɗanne irin mutane?"

Labaran ya ce, "Dundumawa."

Nan take ya ƙaga sunan, yana dariya ƙasa-ƙasa. Da ya ji Yari ya yi tsit yana saurare, sai ya ci gaba, kuma bai daina ba har shekaru suka tura. Ya ce ba aljanu ba ne, kada a yi musu ƙage, al'umma ce da ta yi faɗa da rana tun farkon duniya ta shige ƙarƙashin ƙasa. Dogaye ne sirara, baƙaƙe wuluk kamar gindin tukunya, gashinsu fari fat, kunnuwansu dogaye masu tsini. Suna da garuruwa da kasuwanni, suna kiwon makafin kifaye. Kowace rijiya da aka gina sai ya ƙara musu wani abu, har mata masu jiran ruwa suka riƙa kawo tabarmi.

Abin da ya fi jan mutane shi ne addininsu. Labaran ya ce Uwar Shiru suke bauta wa, wadda ta wanzu kafin a yi sauti, kuma a wurinsu zunubin farko shi ne magana. Alƙiblarsu ƙasa ce. In za su yi ibada sai su tuɓe takalma su kwanta rub da ciki, kunne a kan dutse, suna sauraren numfashinta. Azuminsu na baki ne, ba na ciki ba. Shugabar ibadarsu tsohuwa ce da aka ɗinke wa leɓe tun tana jaririya, da yatsa take wa'azi. Matattunsu ba a binne su, a ruwa ake sa su su narke, kuma ruwan da 'yan Adam ke ja da guga sadakar Uwar ce, tana bayarwa tana hanawa. Yara su kan gudu in ya kai wurin tsohuwar nan, gobe kuma su riga kowa zuwa.

Da ya tsaya nan, da ba abin da ya faru. Amma Labaran na da wani hali, yana son barcin azahar. A bazara gindin rijiya ya fi ɗakin kowane attajiri sanyi, ga Yari kuma da ya ji shiru sai ya cika rami da kira. Ran nan Yari ya tashe shi daga barci mai daɗi, har an fara jan igiya. Labaran ya ɗago cikin fushin ƙarya ya ce, "Kai taubashi, ka kusa kashe mu! Ibada su kai. In sunka shiga Shiru, wanda ag ga ƙasa dole shi shiga tare da su, na bisa kuma ba shi motsa igiya sai Uwa ta sallami mutum. Wanda duk yaj ja, idon ruwa ruhewa shi kai har abada."

Daga ranar Labaran ya samu barcinsa. Ya karya ƙa'idar da ta girmi kakansa saboda gyangyaɗi, kuma ya yi ta ba abokai labari suna dariya.

Zancen ya kai kunnen Liman Mamuda na Tungar Hamma. Ya kira shi bayan la'asar ya ce masa harshe amana ne, wannan abu ya fara kama da shirka. Labaran ya rantse wasa ne, babu wasu Dundumawa, Allah ɗaya ya sani. A kan hanyar gida Yari ya tambaye shi don me ya musanta su gaban Liman. Nan ne wurin da ya kamata ya dafa kafaɗar ɗan'uwansa ya gaya masa gaskiya. Amma fuskar Yari ta yi daɗin tsokana ƙwarai, sai ya rage murya ya ce, "Sharaɗinsu na. Wanda duk yag gane su, in anka tambaye shi sai shi ce ƙarya ta."

Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Wanda ya faɗi haka bai zo ƙasar Maradun ba a shekarun madatsa.

Manyan motoci suka zo, aka yi ta fasa duwatsu da nakiya har tukwane na rawa a kan murhu. Aka tare gulbi. Ruwa ya soma hawa a hankali, ya ci fadamar albasa da rogo, ya ci maƙabarta, ya shiga masallaci. Aka kwashe mutanen Tungar Hamma aka kai su wani tudu mai tsakuwa da marmara, aka ce nan ne sabon gari. Labaran ya tsaya ya ga ruwa ya rufe bakin rijiyar da ya gina da hannunsa a ƙofar gidan ubansa. A lokacin shi kansa ya daina shiga rami, don wani dutse ya faɗo ya gurɗe masa kafaɗar dama, ga tari da ba ya jin magani. Ɗansa na fari, Nasidi, magidanci mai mata ɗaya, Nagode, shi ya karɓi dagi. Yari dai na nan da igiya, ya tsufa amma hannunsa bai saki ba.

Abin takaici, ga ruwa can shimfiɗe iya ganin ido, amma a sabon gari makogwaro a bushe. Mata sai su fita da sassafe da tuluna, ba su dawowa sai rana ta take. Nasidi ya gina rami na farko ya tarar da dutse. Ya gina na biyu, ƙura ce ta yi ta fitowa. Sai aka fara raɗe-raɗi. An ce ƙarar nakiya ce ta dame su. An ce ruwan madatsa ya shiga garuruwansu ta bakin tsofaffin rijiyoyi ya ci 'ya'yansu, shi ya sa Uwar ta janye sadakarta. Ba a faɗin suna, sai dai a nuna ƙasa da haɓa. Waɗannan mutane ne masu salla da azumi, kada wani ya raina su. Amma wanda aka tashe shi daga gonar kakansa, aka bar kabarin uwarsa a ƙarƙashin ruwa, ba abin da ba zai saurara ba in an ce zai kawo ruwa.

Wata safiya Labaran ya zo bakin rami na uku ya tarar da takalma jere a gefe. Yari da Gidaɗo mahauci da Buba mai jakai suna tsaye ba takalmi, suna magana da hannu. Labaran ya tsaya yana kallon takalman. Ya tuna ranar da ya ƙaga zancen tuɓe takalma, a Ruwan Gizo ne, don kawai wani ya zubo masa tsakuwa a kai. Tun da yake bai taɓa jin tsoro irin na ranar ba, don ɗansa ne a ƙasa, kuma mutumin da ke riƙe da ransa ya yarda cewa shiru ibada ce.

Ya ja Yari gefe ya ce, "Taubashi, don girman Allah ka saurare ni. Ni niy yi su. Da bakina niy yi su, awa yadda mata ka yi ma yara tatsuniya. Barci ni kai can ƙasa, wallahi barci na. In kaj ji yaron ga ya yi shiru, ka ja shi, ko mi ag gabanka."

Yari ya dube shi da tausayi ya ce, "Na sani, Labaran. Na san dole ka ce hakanan. Ba ni kama ka da laihi."

Ya rantse da Alƙur'ani, Yari ya gyaɗa kai. Ya je wurin Liman Mamuda, Liman ya yi wa'azi mai zafi ran Juma'a, mutane suka ce amin, washegari takalman sun ƙaru. Ya nemi a canza mai igiya, ya rasa wanda zancen bai shiga kansa ba. Ya ce wa Nasidi ya bar ramin, Nasidi ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, Nagode na da tsohon ciki, kullum tana bisa hanya da tulu. Ƙasa ta hwara sanyi. In mun bari yanzu, wa za ya gina?"

Sai Labaran ya ɗaura wa kansa doka, muddin ɗansa na ƙasa ba zai bar bakin rami ba. Kullum sai ya zura fitila ya ga ko za ta mutu, ya sa a kaɗa ɗanyen ganye sama da ƙasa don a kori hucin, sannan ya zauna yana jan yaron da zance. In Nasidi ya daɗe bai amsa ba sai ya leƙa ya ɗaga murya. Abinci ya fita ransa. Matarsa Hindu ta ce ya rame kamar mai jinya, ya ce mata tari ne. Mutumin da baki ya yi wa suna ya koma ba ya iya ba da labari ko ɗaya, sai, "Kana ji na? Amsa mani."

Marmara ta cinye bakin dagi da na diga, babu maƙeri a sabon gari, dole aka kai su Talata Mafara ranar kasuwa. Ba wanda ya san irin ƙarfen da ake so sai Labaran. Kafin ya hau mota ya ce da ɗansa kada ya kuskura ya sauka sai ya dawo, Nasidi ya ce to. A ganinsa ma ba kayan aiki, me za a yi a rami? Ya manta da tsohon dundurusun da ke rataye a zaure.

A kan hanyar dawowa aka tarar manoma sun tare hanya da itatuwa a kan zancen gonakinsu, ba motar da ke wucewa. Labaran ya zauna a bayan akori-kura rana na dukansa, wani abu na ce masa ya tashi. Ya sauka, ya saɓa ƙarafa a kafaɗar hagu ya yanki daji da ƙafa, yana tari yana sauri. Da ya hango sabon gari, abin da ya fara lura da shi shi ne ba ya jin komai. Ba daka, ba kukan yaro, ko jakan Buba an kora su nesa.

Jama'a na zaune kewaye da ramin, maza a gaba, mata a baya, ƙafafu ba takalmi. Igiya na hannun Yari, a sake. Nagode na tsaye riƙe da cikinta tana hawaye, wata tsohuwa ta toshe mata baki da tafin hannu.

Yari ya matso ya raɗa masa, fuskarsa cike da murna, "Ya kai ga laka. Yana cikin waƙa sai yay yi tsit. Sun karɓe shi, taubashi. Ruwa na tahe."

"Tun yaushe?"

Yari ya ɗora yatsa a leɓe.

Labaran ya watsar da ƙarafan ya faɗa bakin ramin. Ɗan fari ne, tun da aka haife shi bai taɓa kama sunansa ba saboda kunya. Ran nan ya kama shi da iya ƙarfin muryarsa. "Nasidi! Nasidi!" Ramin ya dawo masa da sunan, ba wanda ya amsa. Ya fizge igiyar ya ja, kafaɗar ta ƙi, nauyin mutum bai ko motsa ba. Gidaɗo da Buba suka riƙe shi ta baya, ba da mugunta ba, kamar yadda ake riƙe mai farfaɗiya.

Ya ce, "Ku ja shi! Hucin ƙasa na, mutuwa shi kai! Babu Dundumawa, babu Uwa, ƙarya ta, ni nis shirya ta!"

Ba wanda ya motsa. Wasu ma suka dubi juna suka jinjina kai, don abin da aka ce zai faɗa ke nan. Labaran ya dubi fuskokin nan da ya sani tun yarinta, ya gane gaskiya ba za ta fito da ɗansa daga ramin nan ba. Hanya ɗaya ta rage, kuma ya san abin da ke cikinta. Ya riga ya rantse gaban Liman, ya yi tuba a kan buzunsa har goshi ya yi zafi. Ya ce a ransa Allah ya gafarta masa, shi ya san abin da ke zuciya.

Ya daina kokawa. Ya tuɓe takalmansa. Ya kwanta rub da ciki a kan tsakuwa gaban garin gaba ɗaya, ya manna kunne da ƙasa. Bai ji komai ba sai bugun jininsa. Kowane numfashi da ya ja a kwance, ya san daga rabon ɗansa yake ja, amma in ya tashi da wuri ba za su yarda ba. Da ya ga ba zai iya ƙarawa ba ya miƙe, ya ɗaga hannu ya ce, "Ta sallame shi. Tac ce a ja, maza-maza."

Kafin ya rufe baki hannaye sun cika igiya. Aka fito da Nasidi jikinsa a sake, leɓunansa sun yi toka, laka har gwiwa. Aka kwantar da shi a inuwa, ana fifita ana yayyafa masa ɗan ruwan da ke tulun Nagode. Labaran na danna masa ƙirji da hannu ɗaya yana kiran sunan Allah. Can sai yaron ya yi tari, ya yi amai, ya buɗe ido. Labaran ya zauna daɓas ya fashe da kuka, bai damu da wa ke kallo ba.

Washegari da aka leƙa, ruwa ya taru a gindin ramin. Dama lakar ta nuna yana kusa, duk mai gina ya san haka. Amma je ka ka gaya wa Tungar Hamma. Mata suka yi guɗa, tsofaffi suka riƙa rusuna wa Labaran a hanya, Liman Mamuda kuwa ya daina amsa gaisuwarsa. Duk wannan da sauƙi. Da Nasidi ya samu ƙarfin zama, uban ya shiga ɗakinsa don ya yi masa faɗan saɓa umarni. Yaron ya bari har Nagode ta fita, sannan ya kamo hannun ubansa, idanunsa na ƙyalli.

"Baba, na gane su."

"Ba ka ga kowa ba. Hucin na, haka shi ka yi ma mutum."

"Tsohuwar ta zo har inda ni ke. Ta ɗora man yatsa ga goshi." Ya yi murmushi. "Kak ka damu, Baba. Gaban mutane ni ma cewa ni kai ƙarya ta."

Sunan Nasidi ya tafi har Bakura. Duk sabon garin da aka tsugunar da mutanen da ruwa ya tasa, shi suke nema, don an ce rijiyarsa ba ta ƙin ruwa. Labaran ya roƙe shi ya bar sana'ar, ya yi masa fushi, ya sa Hindu ta yi masa kuka, a banza. Da ya ga ba makawa sai ya karɓe igiyar daga hannun Yari, ya riƙa bin ɗansa gari-gari da kafaɗa ɗaya, yana ɗaukar 'yan ƙwadago baƙi waɗanda ba su taɓa jin labarin ba don su ja in ya ce a ja.

Sai dai Nasidi ya daina waƙa a rami. Yakan yi sara, ya aiko da ƙasa, in rana ta take sai sautin dagi ya ɗauke. Karon farko Labaran ya sa aka fizgo shi, ya fito lafiya lau, ransa a ɓace, ya ce in aka sake katse masa ibada zai kwance igiyar daga ƙirjinsa tun yana ƙasa. Uban ya san zai aikata.

Haka Labaran ya ƙarasa shekarunsa. Wanda ya bi ta wajen a lokacin zai tuna wani tsoho durƙushe a bakin rami da tsakar rana, igiya a naɗe a hannunsa na hagu, ya zura kai cikin duhu yana jira, bai san ko ɗansa ibada yake yi ko mutuwa ba.